Sauro Mai Ɗigo Shida na Dutsen Kargo

Litinin: Takur zuwa Kiyawa

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Litinin, gari bai waye ba tukuna, maigidana ya tayar da babur ya ɗauke ni daga gidanmu da ke Takur, cikin garin Dutse, zuwa tasha. An kwana ana yayyafi, titi duk a jiƙe. Na goya jakar aiki a baya, na rungume kula cike da kofunan roba. Da muka isa bakin tasha ya kashe babur, sannan ya ce, "Har yanzu kina iya cewa a tura wata."

Na ce masa babu wata. Mu biyu ne kawai mata duba-gari a ofishinmu, ɗayar kuwa tana jego. Na san abin da ke cin sa. Ina ɗauke da juna biyu na wata uku, ban faɗa wa kowa a wurin aiki ba, kuma na birkice akwatina ban ga katin rigakafina ba. Na kasa tunawa ko an taɓa yi mini allurar shawara.

Dalilin tafiyar shi ne, ranar Juma'a ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye a ƙasar Buji, mai suna Dutsen Kargo, ya bugo waya cewa mutum biyar sun kwanta da zazzabi mai zafi. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, ga idon wasunsu ya yi rawaya, yarinya ɗaya kuma ta rasu. An ɗebi jini an aika ɗakin gwaji, amma sakamako sai ya ɗauki kwanaki. Kafin ya fito aka ce mu je mu gano wane irin sauro ne a garin, kuma a ina yake hayayyafa.

Abokin tafiyata Malam Isyaku ne, dattijo marar yawan magana, wanda ya fi shekara talatin yana aikin sauro, saura masa 'yan watanni ya ajiye aiki. Shi ne masanin. Ni kuwa ni ce mai shiga cikin gidajen da namiji ba ya shiga. Na same shi tuni ya kama mana kujera biyu a wata ƙaramar motar haya, naira dubu kowane mutum.

Muka tashi ƙarfe shida da minti goma. Ranar kasuwar Shuwarin ce, sai da muka yi minti ashirin da biyar a cunkoson motocin hatsi da masu kora awaki kafin mu wuce. Tafiyar da ba ta wuce kilomita talatin ba, ba mu shiga Kiyawa ba sai bakwai da minti ashirin. Malam ya saya mana koko da ƙosai. Ƙamshin man suyar ya tayar mini da zuciya, na sha kokon kawai na ce ba na jin yunwa.

Kiyawa zuwa Dutsen Kargo

Motocin da ke shiga ƙasar Buji duk sun tafi kasuwa, sai ƙarfe tara muka samu wata a-kori-kura da ta sauke kaya za ta koma. Direban ya ba ni gaba, Malam ya hau baya kan buhunan taki. Ƙarfe sha ɗaya saura minti ashirin ya sauke mu a wata mararraba, ya nuna mana hanyar burji da ta nufi gabas, ya ce daga nan sai acaɓa.

Kilomita goma sha ɗaya ne, rabin farko burji, sauran turba ce tsakanin gonakin gero da ya kai kafaɗa. Akwai rafi guda a hanya, ruwansa iya gwiwa, muka sauka muka tsallaka da ƙafa. Muna hawa gaɓar can ɗan acaɓana ya waiwayo ya ce, "Hajiya, in don ciwon nan kuka zo, ai kun makara. An gano inda yake."

Na ce, "A ina?"

Ya ce, "Gidan tsohuwar nan mai tukwane. Jiya ma da an farfasa su, Dagaci ne ya hana."

Muka shiga gari sha biyu saura minti goma.

Dutsen Kargo, ranar farko

Kafin mu gama gaisawa da Dagaci ƙofar gidansa ta cika. Yawanci samari ne, wasu da taɓarya, wasu da ƙotar fartanya. A gabansu akwai wani magidanci dogo, idonsa ya yi ja don rashin barci. Aka ce mana sunansa Sale. 'Yarsa Ummi ce ta rasu, shekararta bakwai, matarsa Binta kuma tana kwance a babban asibiti ba ta san inda kanta yake ba.

Dagaci ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na riƙe su tun jiya, amma riƙon nawa ya kusa ƙarewa."

Sale bai jira an ba shi dama ba. Ya ce, "A rediyo aka faɗa. Sauron da ke kawo shawara a tukwane da randuna yake haihuwa. Wa ke da tukwane sama da ɗari a garin nan? Danga ɗaya ce tsakanina da ita."

Malam Isyaku ya yi masa ta'aziyya tukuna, sannan ya ce, "Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne. Amma sauro iri-iri ne, kamar maciji. Ku ba mu kwana biyu mu gani da idonmu."

Sale ya ce, "Kwana huɗu kacal 'yata ta yi."

Can Dagaci ya yanke magana, ya ce jibi Laraba da hantsi kowa ya dawo ƙofar gidansa. Idan ta tabbata daga gidan Iya Kande, tsohuwar mai tukwane, abin yake, shi da kansa zai sa a fasa tukwanen, a nema mata wani wurin zama a wajen gari. Kafin nan wanda ya taɓa ko kasko guda, shi da hukuma.

Bayan azahar na fara shiga gidaje. Na shiga ashirin da uku, ina leƙa randuna da tocila. Yawancinsu a rufe suke da faifai, kuma ruwan ba ya kwana biyu ba a juye shi ba, don haka ban samu wani abin kirki ba sai a kaskon agwagi na gida biyu. Ƙarfe uku da rabi na yi sallama gidan Iya Kande.

Tsohuwa ce 'yar ƙarama, aure ne ya kawo ta garin, mijin ya rasu, ba ta da ɗa namiji. Tsakar gidanta cike yake da aikin rani da bai samu mai saye ba: tukwane, tuluna, randuna, kasake, wasu a kife, da yawa baki sama sun tari ruwan sama. Na leƙa tukunyar farko. Ruwan motsi kawai yake da tsutsar sauro.

Ga wanda bai san aikinmu ba, tsutsar ma tana faɗin sunanta. Ta anofilis, mai kawo maleriya, kwance take a saman ruwa kamar tsinke. Sauran biyun a rataye suke kai ƙasa, suna shaƙar iska ta wani ɗan bututu da ke wutsiyarsu. Idan bututun dogo ne siriri, kiyuleks ne, sauron kwata mai kuka a kunne. Idan gajere ne mai kauri, edis ne, dangin masu ɗauke da shawara. Waɗannan na tukwanen Iya duk a rataye suke.

Iya ta ce Malam ya shigo, ai ba mai gida balle a ce ba a shiga. Na riƙa ɗebo ruwa da ludayi ina zubawa a farin faranti, shi kuma yana dubawa da gilashin hannu mai ƙara girman abu. Tukunya bayan tukunya yana cewa, "Dogo. Dogo. Wannan ma dogo." Na fara samun numfashi. Sai ya nuna mini wasu da suka riga suka dunƙule kamar waƙafi, waɗanda ke dab da fashewa su zama sauro. Ya ce, "Waɗannan ba zan rantse a kansu da wannan gilashin ba. Sai sun fito." Muka zuba su a kofi, muka rufe bakin da ƙyallen gidan sauro, na rubuta sunan gidan a jiki.

Iya tana tsaye riƙe da haɓa. Ta ce, "Malam, ni ce?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna, Iya. Amma ko ke ce ko ba ke ba ce, yau duk za a kife su."

Shi ya tafi duba bakin famfo da kududdufin bayan gari, ni da ita muka hau zubar da ruwa muna kifewa. Na sunkuya zan ɗaga wata babbar randa, sai na ji hannunta a kafaɗata.

Ta ce, "Ajiye. Mai irin naki ba ta ɗaukar wannan." Na ajiye. Ta ce, "Wata nawa?"

Na ce, "Uku."

Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Abokan aikinki ba su sani ba ke nan." Ta mirgina randar da kanta.

An shirya mini masauki a cikin gidan Dagaci, amma na roƙi a bar ni a gidan Iya. Na ce don in kula da kofin ne. Gaskiyar magana, na yi tunanin in akwai baƙuwar gwamnati a ciki, mai niyyar shigowa zai ƙara tunani. Ana kiran magariba wani ya wurgo dutse ta saman danga, ya sauka kan wani tulu ya tarwatsa shi, taku uku daga inda nake alwala. Iya ba ta ko leƙa waje ba. Ta share ɓaraguzan ta tara a gefe, ta zubo mana tuwon dawa da miyar kuka.

Muna ci ta ce, "Ni na yanke wa Ummi cibiya. A nan take wuni tana kwaikwayon gini, ga 'yan kasakenta can." Ta nuna wasu 'yan ƙanana karkatattu a gindin rumbu. "Ba su bar ni na je gaisuwa ba. Uwar kuma har yau ba ta san an binne ta ba."

Na ɗaura gidan saurona na kwanta da wuri, amma barcin rabi da rabi na yi.

Talata: falalen dutse

Ƙarfe takwas muka haɗu a asibitin sha-ka-tafi da Malam Nura, ma'aikacin da ya bugo waya. Malam Isyaku ya sa shi ya zana garin a ƙasa da tsinke, ya ɗora tsakuwa a kan gidan kowane marar lafiya. Biyu suka faɗa gidan Sale. Ɗaya can ƙarshen yamma, gidan wani Haladu. Biyu kuma a unguwar kudu, samari ne daga gida daban-daban. Malam ya tsuguna yana kallon tsakuwoyin, ya ce irin sauron da ke haihuwa a tukunya ba mai dogon tashi ba ne, inda aka haife shi nan yake yawo. Da daga gidan Iya ne, da maƙwabtanta na sauran ɓangarorin uku sun kwanta kafin mutumin ƙarshen yamma.

Ya ce, "Ba inda suke kwana za mu tambaya ba. Inda suke wuni."

Malam Nura ya ce Haladu fasa dutse yake yi yana sayar wa masu gini. Samarin biyu kiwon awaki suke. Binta ce bai sani ba, matar aure ce, ya ɗauka gida take wuni. Na koma na tambayi Iya.

Ta ce, "Gida take, sai la'asar ta tafi dutse wanki, yarinyar na biye da ita. Ruwan can ya fi kumfa, kuma babu layi."

Sai da muka ƙarasa sauran gidajen gari, sannan ƙarfe huɗu saura kwata muka kama hanyar dutsen, don Malam ya ce lokacin da suke zuwa ya kamata mu je. Na sa safa da dogon hijabi, na shafa maganin sauro a hannu da fuska. Kilomita ɗaya da rabi ne ta cikin gonakin masara, tafiyar minti ashirin da biyar, kafin mu isa gumi ya wanke abin da na shafa.

Falalen dutse ne faffaɗa, ya fi filin ƙwallo, a gefe guda ga tarin duwatsun da Haladu ya fasa, gudumarsa ma tana nan inda ya bar ta. Ko'ina a kansa ramuka ne, wani kamar akushi, wani kamar daro, duk cike da ruwan sama garai-garai mai ɗumi. Ga totuwar masara a warwatse da birai suka ci suka yar. Malam ya tsaya ya dubi totuwar, na san abin da yake tunani. Biri ma yana ɗaukar ciwon, sauro ya cije shi ya zo ya ciji mutum.

A can ƙarshe mata uku na wanki, ɗaya ta shimfiɗa jaririnta a inuwar wani dutse, daga shi sai ɗan kamfai.

Na durƙusa bakin rami na farko. Inuwata na faɗawa kan ruwan, sai na ga abubuwa sun nutse ƙasa gaba ɗaya suna wutsil-wutsil. Na jira suka taso, na naɗe hannun riga na zura ludayi. Malam ya duba faranti, ya sake dubawa, ya ce, "Gajere."

Rami na biyu, gajere. Na uku har ruwan ya yi duhu don yawansu. Ina miƙa masa farantin sai ya ce, a hankali, "Sa'adatu, kada ki motsa."

Na dubi hannuna. Uku ne a wuyan hannun da na naɗe, baƙaƙe ƙirin, ƙafafunsu da zobe-zoben fari. Ban ji saukarsu ba, ba su yi kuka ba. Cikin ɗaya ya riga ya yi ja. Malam ya ciro bututun roba da muke zuƙe sauro da shi, ya zuƙe su ɗaya bayan ɗaya ya hura a kofi. Bai fi daƙiƙa goma ba. Ya ɗaga kofin sama wajen haske ya sa gilashi, leɓensa na motsi yana ƙirga. Ya miƙo mini. A gadon bayan kowanne akwai ɗigo fari fat, biyu-biyu a jere, guda shida.

Ya ce, "Edis bitatus. Sauron dutse ne. Ƙwansa yana iya kwanciya a busasshen ramin nan duk tsawon rani, rana na dukansa, ruwan farko na sauka ya fashe."

Na ce, "Malam, ban tabbata an taɓa yi mini allurar ba." Ya juyo. Na sunkuyar da kai na ce, "Kuma ba ni kaɗai ba ce."

Ya gane juna biyu nake nufi. Sai ya karɓe ludayin daga hannuna. Ya ce, "Da kin faɗa mini a tasha, da a tasha kika tsaya. Sauke hannun rigarki. Ki tattara matan can ku sauka yanzu, a rufe yaron nan."

Matan ba su so ba, wankinsu bai bushe ba. Ɗaya ta ce shekara da shekaru a nan suke wanki. Ban tsaya dogon bayani ba, na je na ɗauki jaririn na lulluɓe shi cikin hijabina na kama hanya. Dole uwar ta kwashi jiƙaƙƙun kaya ta biyo ni, sauran suka bi ta. A cinyarsa na ƙirga tabon cizo huɗu. Malam ya zauna shi kaɗai a kan dutsen har rana ta kusa faɗuwa, yana ɗiba yana rubutawa.

Da na koma gida Iya ta ga hannuna, ta jiƙa tsumma ta ɗaure mini, duk da mun san ba maganin da zai yi. Na kira maigidana na ce aiki na tafiya daidai. Ban faɗa masa sauran ba.

Laraba: ƙofar gidan Dagaci

Ina idar da sallar asuba na jawo kofin gidan Iya na haska tocila. Bakwai sun fito, suna maƙale a jikin ƙyallen. Na jira gari ya yi haske na duba su da kyau. Dukkansu ruwan ƙasa ne, fayau, babu ɗigo babu zobe. Na ƙirga su sau uku. Iya na zaune a bakin murhu ba ta tambaya ba, na ce mata, "Iya, ba naki ba ne." Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da dama kunu.

Ƙarfe tara jama'a suka taru, sun fi na shekaranjiya yawa. Malam ya sumar da sauron da auduga mai magani, ya shimfiɗa farar takarda biyu a kan tabarma. A kan ɗaya ya zuba na gidan Iya. A kan ɗayar ya zuba waɗanda suka fashe cikin dare daga ruwan dutse, da ukun da ya kama a hannuna.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ce ga wanda ya kashe yarinyar nan ba, sai an gwada su an gwada jini. Abin da na sani shi ne, wannan," ya nuna na Iya, "ba a san shi da ɗaukar shawara ba. Wannan kuwa an san shi. Kuma duk mutum biyar ɗin a kan dutse suke yin la'asar."

Wani daga baya ya ce sauro sauro ne, 'yan boko sun zo su kare mayya. Hayaniya ta fara tashi, na ga taɓare suna ɗaguwa. Malam bai ɗaga murya ba, ya miƙa wa Sale gilashin ya ce, "Kai ya fi cancanta ka duba."

Sale ya tsuguna. Ya daɗe kan takardar farko, ya koma ta biyu. Na ji yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa har shida. Ya ce, "Na san wannan. Shi ke cin mu a gonar gindin dutse." Ya ajiye gilashin, bai tashi ba. Can ya ce, da wata irin murya, "Ni na ce ta daina bin layin famfo. Ana ta faɗa a wurin. Na ce ta riƙa zuwa dutse."

Dagaci ya dafa shi ya ce, "Kwana ne ya ƙare, Sale. Ba kai ba ne, ba kuma Kande ba ce." Sannan ya ɗaga kai ya ba da umarni: daga yau ba wanki a dutse, kiwo ya koma fadama, duk mai jini a jika ya ɗauko shebur da kwano a cike ramukan nan da yashi, da safe ba da la'asar ba, kowa da doguwar riga. Malam ya ƙara da cewa randunan gida ma a ci gaba da rufe su, don wannan yana da ɗan'uwa mai son randa, rashin ganinsa yau ba ya nufin ba zai zo ba. Samarin suka watse ɗaya-ɗaya. Sale ya tashi ya tafi bai dubi kowa ba.

Komawa Dutse

Muka bar garin sha ɗaya da kwata. Iya ta rako ni har bakin danga, ta ƙulla mini dafaffiyar gyaɗa a leda, ta ce in na sauka lafiya a aiko mata. An yi ruwa cikin dare can wajen da rafin ke tasowa, muka tarar rafin ya kawo iya ƙirji, ja wur, yana tafe da karan dawa. 'Yan acaɓa suka ce ba mai shiga. Muka zauna gindin wata tsamiya awa biyu da minti goma, Malam na jiƙa tawul yana rufe kula don kada zafi ya kashe abin da ke ciki, ni kuma ina taɓa goshina a ɓoye, ko da yake na san ciwon ba ya bayyana kafin kwana uku. Da ruwan ya ja zuwa cinya muka tsallaka, Malam ya ɗora kula a ka.

Mararraba ƙarfe biyu da rabi, Kiyawa huɗu saura minti goma. Kafin Shuwarin akwai shingen jami'an tsaro, ɗaya ya leƙo ya ce a buɗe kula. Ya ga kofuna a jere ya ce, "Baba, mene ne wannan?"

Malam ya ce, "Sauro ne."

Ya ce, "Na Dutse bai ishe ku ba?" Ya duba takardarmu, ya mayar da murfin da sauri ya ce mu wuce.

Muka shiga Dutse biyar saura minti ashirin. Malam ya ce shi zai kai samfurin ofis ya rubuta rahoto, ni in wuce asibiti kai tsaye, ya kuma tsaya sai da ya ga na kira maigidana na faɗa masa gaskiya. Likita ta duba ni ta ce in koma gida in kwanta cikin gidan sauro dare da rana, in na ji zazzabi ko ciwon baya in dawo ko wane lokaci ne. Ana kiran isha'i na shiga gida. Maigidana bai yi faɗa ba, ya ɗaura gidan sauron da kansa, ya zauna a bakin gado.

Kwana shida na yi ina duba idona a madubi kowace safiya. Rana ta huɗu kaina ya yi ciwo, muka ruga asibiti, ashe ba komai. Allah ya tsare ni da abin da ke cikina. A mako na biyu sakamakon jini ya fito, shawara ce, aka tura masu rigakafi suka yi wa garin da ƙauyukan kewaye. Samarin biyu sun tashi, jaririn da na ɗauko bai kamu ba. Haladu bai tashi ba.

Malam Nura ne ya bugo mini ranar da aka sallamo Binta. Ya ce tun a mota take tambayar Ummi, ana ce mata tana gida. Da suka iso gari Sale ya kasa shiga da ita. Ya bar ta a zauren Dagaci, ya tafi ƙofar gidan Iya Kande ya yi sallama, ya tsuguna a waje. Ya ce mata shi ba zai iya ba, kuma duk garin bai ga wadda Binta za ta iya jin wannan magana daga bakinta ba sai ita. Iya ta wanke yumɓun hannunta, ta ɗauki mayafi ta bi shi.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Malam Isyaku, wanda ya ƙi faɗin abin da bai gani ba a ranar da faɗinsa ya fi sauƙi, da Dagacin da ya riƙe mutanensa kwana biyu, da Iya da ta ciyar da ni alhali ba ta san ko ni zan sa a kore ta ba. Allah ya jiƙan Ummi da Haladu, ya ba Binta haƙuri.